Baba Yamusa Na Neman Faɗa

Ranar farko da na kai Baba Yamusa wurin ƙanwata Kauthar a Jabi, ta yi masa tambayar da take yi wa duk wanda ya shigo hannunta: idan aikin nan ya yi kyau, me yake so ya iya yi wanda yanzu ya gagare shi? Wasu sukan ce su ɓalla maɓallin riga da kansu, wasu su ce su yi magana a waya a ji su. Baba Yamusa ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan leɓɓansa suka motsa. Ba mu ji komai ba. Sai da Kauthar ta kai kunnenta kusa da bakinsa ya sake faɗa.

"Ina so in yi faɗa da matata."

Na ƙyalƙyale da dariya. Kauthar ta harare ni, ta ɗauki biro ta rubuta abin da ya ce a saman takardarsa, har ta ja layi a ƙarƙashi. Shi kuwa ko murmushi bai yi ba, domin da gaske yake.

Baba Yamusa masinja ne a ma'aikatar gwamnatin tarayya da nake aiki. Ni sunana Sa'adiya, ina sashen kula da ma'aikata, kuma ina da laifi a cikin labarin nan, zan zo kansa. Shi ɗan ƙabilar Gbagyi ne. An haife shi a wani ƙauye wanda a yau shataletale ne, kuma duk ranar da na rage masa hanya sai ya nuna mini inda rumbun babansa yake, daidai wurin da 'yan sanda ke tsayawa. Ya yi noman doya har gonar ta zama titi. Daga nan ya yi leburanci lokacin da ake gina babban birnin tarayya, kuma ginin da ya ɗauki bulo zuwa samansa, a cikinsa aka ɗauke shi masinja. Yakan ce duk matattakalar da yake hawa da fayil ya taɓa hawanta da buhun siminti, amma fayil ya fi nauyi.

Na same shi a ofis shekara biyu bayan dawowar mulkin farar hula. A lokacin, tun yana ƙasan bene ake sanin ya iso. Gaisuwarsa ta gona ce, irin wadda ake jefa wa maƙwabci daga nesa, kuma tafiyarsa sai takardun kan tebur sun motsa. Babu ogan da bai tsawata masa ba. "Yamusa, nan ofis ne, ba kasuwa ba!" Sai ya ce to, ya yi shiru na minti biyar, ya manta.

Abin da ya fi kawo mana kowace safiya shi ne rahoton gida. Matarsa Rosemary, wadda kowa ke kira Maman Cynthia, doya take sayarwa a kasuwar Masaka, kuma Allah ya hore mata baki. Shekara talatin da wani abu suna tare, ba a taɓa wayewar gari ba su yi faɗa ba. Gishiri ya yi yawa a miya. Wa ya bar ƙofa a buɗe awaki suka shiga. Cynthia da wa ta yi kama. Ita tana kiransa Oga Fayil, shi yana kiranta Ministar Doya. Maƙwabta sun daina rabo tun da daɗewa, sai dai su daidaita agogo da su. Bayan ya sha cunkoson Mararaba da Nyanya ya iso ofis, zai ajiye mini fayil yana haƙi, ya ce, "Hajiya, yau biyu da ɗaya. Matata ne ya ci, amma gobe akwai wasa." Ni da na fito daga gidan da ba a ɗaga murya, na daɗe ban gane ba. Sai da na fara zuwa sayen doya wurinta ranar Asabar na ga yadda take zaɓe mafi kyau ta ɓoye a ƙarƙashin tebur, wai ta wancan mara kunyar ce.

To, a hankali Baba Yamusa ya fara canzawa. Murya ta yi ƙasa. Taku ya gajarce, ya zama yana jan ƙafa a hankali ba a jin motsinsa. Ya ɗan ranƙwafa. Hannunsa na hagu kullum yana bayansa, na dama ya riƙe shi. Fuskarsa ta daina motsi, ko an yi barkwanci sai dai ya kalle ka. Rahoton gida ya tsaya.

Kun san abin da muka ce? Cewa muka yi alhamdu lillahi, Yamusa ya waye. Mu masu digiri, wasu har biyu, muka dubi mutum yana tafiya a sunkuye, hannu a baya, murya ƙasa-ƙasa, muka ga irin ladabin da iyayenmu suka yi ta fama su koya mana. Daraktanmu, Alhaji Abdulmajeed, ya riƙa kafa misali da shi ga sababbin ma'aikata. Shekarun nan kuɗi sun shigo gari, gine-gine na ta tsirowa ko'ina, kowace ma'aikata na shirya bikin ƙarshen shekara a otal da kyaututtuka. Da aka ce a kawo sunan ma'aikacin da ya fi kowa ladabi, ni na rubuta takardar da hannuna, shafi biyu, har da cewa ba a taɓa jin muryarsa ba. Wannan shi ne laifina.

Ranar bikin na tafi da Kauthar, don kawai ta ci shinkafar banza. Ita ma'aikaciyar gashin ƙashi ce, ba ta daɗe da dawowa daga wani kwas kan masu ciwon jijiya da ƙwaƙwalwa ba. Aka kira sunan Baba Yamusa. Ya miƙe da ƙyar, ya tako har bakin jan kafet, sai ya tsaya cak. Ƙafafunsa suna ɗan rawa a wuri ɗaya, amma ya kasa gaba. Zauren ya ɗauki tafi. Wani a bayana ya ce, "Kai, dubi kawaici, ko kyautar ma kunyar karɓa yake ji!" Alhaji Abdulmajeed ya sauko da kansa ya kai masa allon yabon, tafi ya ƙaru. Ina cikin tafawa Kauthar ta riƙe mini hannu.

"Yaya, daina. Mutumin nan ba shi da lafiya. Ƙafarsa ce ta maƙale."

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Likitan da muka kai shi wurinsa bai ɓata lokaci ba, ya ce cutar Parkinson ce, kuma ta kai shekara biyu a jikinsa. Ita ke ƙanƙance motsin mutum da muryarsa, ta daskarar da fuska. Hannun da yake ɓoyewa a baya rawa yake yi. Aka ɗora shi a kan magani, aka ce ba ta warkewa, amma ana iya rage mata ƙarfi sosai. Kauthar ta ce in ya yarda, tana da aikin wata guda: kwana huɗu a mako, awa ɗaya kullum, ba fashi, ga aikin gida safe da yamma. Na ce ni zan riƙa kai shi lokacin hutun rana, ko na rage zunubi.

A mota, a hanyarmu ta zuwa Jabi ranar farko, ya ba ni labarin gida. Sai da na kashe rediyo da na'urar sanyi kafin na ji shi. Shekara biyun nan Rosemary ita kaɗai take faɗanta. Tana yi, shi yana ba ta amsa, amma amsar ba ta isa kunnenta, ga fuska ba motsi. Sai ta ɗauka raini ne, wai zama da manyan ofis ya sa ya fi ƙarfin ya tanka wa mai doya. Wannan bai dame shi sosai ba, domin ko ba komai tana yi. Amma ranar da Cynthia ta zo daga Kubwa ta yi mata bayanin abin da likita ya ce, Rosemary ta zauna a ƙasa ta yi kuka, kuma tun daga ranar bakinta ya mutu. Babu Oga Fayil. Sai "Sannu, Baba." Ita ke cire masa takalmi. Magana ma raɗa take yi, ta hana jikoki gudu a tsakar gida.

"Hajiya," ya ce, "ina zaune a gidana, amma kamar an riga an binne ni. Ciwon bai kai wannan zafi ba."

Ka ji dalilin amsar da ya ba Kauthar.

Ni dai na zaci za a shafa masa man zafi a lallaɓa shi. Ashe ƙanwata muguwa ce ban sani ba. Ta zaunar da shi, ta ajiye wata 'yar na'ura mai auna ƙarfin murya a gabansa, ta ce ya ja numfashi ya ce "aaa" da iya ƙarfinsa har iska ta ƙare. Ya yi. Lambar na'urar ta ɗan motsa kamar ba ta so.

"Da ƙarfi, Baba! Maimaita!"

Ya sake. Ta ce maimaita. Sau goma sha biyar. Daga nan a hau da murya sama, a sauko da ita ƙasa, kowanne sau goma sha biyar. Kafin awa ta cika na tsani kalmar maimaita. A rana ta uku ya yi tawaye. Ya ce, "Dakta, ihu fa nake yi. Mutanen waje za su ce an kawo mahaukaci." Kauthar ba likita ba ce, amma ta gaji da gyara masa. Ta ɗauki muryarsa a waya ta kunna masa. Ya kasa kunne, ya ce wayar ce ba ta da kyau. Ta ɗauki tawa muryar a wuri guda ta kunna, ta fito raɗau. Ta ce masa ciwon nan maƙaryaci ne: yana gaya wa mutum cewa muryarsa daidai take alhali raɗa yake yi, yana gaya masa takunsa daidai ne alhali taƙi ɗaya yake ɗagawa. Saboda haka duk abin da ya ji kamar ya wuce kima, shi ne daidai. In ya ji kamar ihu yake, to yanzu ne mutane suka fara jinsa.

Haka aka yi da jiki. A miƙe daga kujera da ƙarfi, a ware hannuwa har yatsu su buɗe, a jefa ƙafa gaba, a jefa gefe, a juya. Ya ce shi dattijo ne, ba ɗan rawa ba. Taku ya fi ba su wahala, har ranar da shi da kansa ya ce ai wannan kamar tsallake tudun doya ne a gona. Kauthar ta jera kwalaye a ƙasa ta ce ga gonar. Mutumin da ya kasa taka kafet ya bi ta kansu ɗaya bayan ɗaya, har yana gaya mata ta jera su kusa da yawa, doya ba za ta yi girma ba.

Akwai kuma jimloli goma. Kowane mara lafiya yakan kawo maganganu goma da yake faɗa kullum, a riƙa maimaita su da ƙarfi har su zauna. Na Baba Yamusa biyu ne kawai na ofis: "Ranka ya daɗe, ga fayil," da "Oga yana mitin." Sauran takwas duk na Rosemary ne. "Gishiri ya yi yawa!" "Ba ni na bar ƙofa ba!" "Cynthia da ni ta yi kama!" "Ministar Doya, rage mana rediyo!" Kauthar ta ce faɗa ba ya yiwuwa da bango, ta dube ni.

"Yaya, ke ai kin iya masifa. Zauna nan, ke ce Maman Cynthia."

Na so in musa, amma duk gidanmu an san gaskiya ta faɗa. Matsalar ita ce Baba Yamusa ya kasa ɗaga mini murya. Zai fara, "Gishiri ya yi..." sai ya ƙare da "yi haƙuri, Hajiya." Sai da na cire tabarau, na ɗaura gyale a ƙugu, na ce masa in bai iya cin miyata ba ya je ofis su dafa masa fayil. Ranar na'urar ta ga lambar da ba ta taɓa gani ba. Mai shara ta leƙo ta ga ko lafiya.

A mako na uku aka fara jin sakamako a ofis. Alhaji Abdulmajeed na shan shayi aka turo ƙofa, aka ce, "Ranka ya daɗe, ga fayil!" Rabin shayin ya ƙare a kan babbar rigarsa. Ya kira ni yana goge-goge, ya ce me ya sami Yamusa, ko kyautar ce ta hau masa kai? Na rufe ƙofa na gaya masa abin da muka ba wa kyauta. Mutumin kirki ne. Ya ce a gaya wa Yamusa ya yi ta ihunsa, duk wanda ya tsawata masa ya zo ya same shi.

Amma a gida abin ya ƙi. Ranar wata Litinin Baba Yamusa ya shigo mota rai a ɓace. Ya ce ranar Alhamis ya gwada. Ya ɗanɗana miya, ya ja numfashi yadda aka koya masa, ya ce gishiri ya yi yawa, har kaji suka watse. Rosemary ta zabura, ta dube shi, idonta ya kawo ruwa, ta ce, "Yi haƙuri, Baba, gobe zan rage." Kuma ta rage. Kwana uku ke nan yana cin miya lami. Ya gwada maganar ƙofa, ta ce ita ce ta bari. Ya ce Cynthia da shi ta yi kama, ta ce ƙwarai kuwa, har hancin.

"Shekara talatin bai taɓa yarda da hancin nan ba," ya ce. "Hajiya, aikin banza muke yi."

Na yi dariya, amma tausayinsa ya kama ni. Na ce zan je in yi mata magana. Ya ce kul. In aka roƙe ta ta yi faɗa, ai wannan ma wani "sannu" ne. Kauthar ta ce nata aikin murya da ƙafa ne, ba ta karanta aure ba. Haka aka cika zama goma sha shida. Ta sallame shi da takardar aikin gida, ta ce in ya daina yi kullum, ciwon zai karɓe abin da aka ƙwato. Ya yi godiya da murya mai kyau, ya fita da taku mai kyau, amma layin da ta ja a saman takardarsa yana nan yadda yake.

Asabar ɗin da ta biyo baya na tafi Masaka sayen doya. Kasuwa ta cika, motocin Keffi na ta hon, mata na sauke kaya daga kafaɗa yadda matan Gbagyi ke ɗauka. Na tarar da Baba Yamusa a rumfar matarsa. Ta zaunar da shi a kujerar roba a cikin inuwa, ta sa masa matashi a baya, ta rufa masa tawul a gwiwa, cikin wannan zafin. Ya gaishe ni kamar fursuna.

Rosemary ta tare ni da fara'a, ta nuna mini wani kashi mai manyan doya, ta ce sabuwar haƙa ce, jiya aka kawo. Akwai wasu mata biyu a gefena suna duba kashin kusa da shi. Na sunkuya zan ɗauka, sai Baba Yamusa ya yaye tawul, ya miƙe tsaye lokaci guda, ya tako taku uku manya ya iso gefena. Ya kare bakinsa da hannu, alamar zai yi mini raɗa, irin taimakon da manomi ke yi wa wanda bai san doya ba.

"Hajiya, kar ki ɗauki wannan! Tun Talata yake nan, kuma ya ɓoye ruɓaɓɓe guda biyu a ƙasa!"

Har mai nama da ke layi na uku ya juyo. Matan nan biyu suka ajiye doyar da ke hannunsu suka yi gaba. Shi kansa ya zaro ido, domin a ransa raɗa ya yi.

Na ga fuskar Rosemary tana canzawa. Ta buɗe baki, na ga "sannu" ta taso, ta maƙale. Ta dubi bayan masu sayenta da suka tafi. Sai ta kwance ɗankwali ta ɗaure ƙugu.

"Ruɓaɓɓe? Doya na ne ruɓaɓɓe? Kai Oga Fayil! Yaushe rabonka da gona da za ka koya mini doya? A gaban kwastoma! Wa ya kawo ka kasuwa ma? Mutum ya zauna a inuwa kamar basarake, an sa masa filo, ashe baki yake tarawa!"

"Ɗaga kashin a gani!" in ji shi. "Ministar Doya, ɗaga a gani!"

"Ba zan ɗaga ba! Je ka ɗaga fayil!"

"Kuma miyanka babu gishiri! Kwana goma ina shan ruwan zafi!"

"Ba kai ka ce ya yi yawa ba?"

"Da na ce, sai ki yarda?"

Maƙwabtan rumfa suka taru suna shewa. Wata tsohuwa mai barkono ta ɗaga hannu sama tana gode wa Allah, ta ce kasuwa ta dawo daidai. Rosemary na tsakiyar zazzaga masa tarihin danginsa sai muryarta ta karye. Ta tsaya tana kallonsa: yana tsaye da ƙafafunsa a ware, hannun hagu yana rawa a fili bai ɓoye shi ba, kuma a gefen bakinsa akwai ɗan murmushi, iya wanda fuskar ta yarda ta bayar. Hawaye suka zubo mata. Ni ma na ji nawa, ban kuwa ɓoye ba.

Na tsorata kada ta koma "sannu, Baba." Shi ma na ga ya tsorata. Ta kama bakin zani ta share fuska da ƙarfi, ta matso har gabansa, ta nuna shi da yatsa.

"Me ka ce game da doya na? Ban ji da kyau ba. Maimaita in ka isa!"

Baba Yamusa ya gyara tsayuwa, ya ja numfashi har ƙirjinsa ya cika, ya maimaita.